Inda Malafa Ta Faɗi

Duk direban da ya taɓa kai masara babbar ƙofar kamfanin gari da ke bayan garin Guasave ya san Don Nicanor Zazueta, ko da bai riƙe sunansa ba. Zakara suke ce masa, don ba ya ganin ƙwayar masara bai kai ta baki ba. Haƙorinsa ɗaya na gaba ya ɓalle rabi a wannan aiki, bai kuma taɓa yarda an gyara masa ba. Ya ce da wannan gefen yake jin taurin ƙwaya.

A wani ƙauye na bakin kogi aka haife shi, ubansa na noma 'yar gona. Aji uku ya yi a makaranta aka cire shi. Yana ɗan shekara goma sha tara ya shiga kamfanin yana dakon buhu, lokacin rumbunan ƙarfe biyu ne kacal da sikeli ɗaya. Sai da ya shekara bakwai yana dako kafin mai duba masara na wancan lokaci, Don Melquíades, ya kira shi saman tirela ya fara nuna masa aikin.

Ga yadda aikin yake. Tirela ta tsaya, a yaye tamfol, mai dubawa ya cire takalmi ya hau saman lodi. Tafin ƙafa ne ke fara ba da labari, don masarar da aka girbe da danshi tana ɗaukar zafi daga ƙasa. Daga nan sai ya juya baya, ya cire malafarsa, ya wurga ta ta kan kafaɗa ba tare da ya waiga ba. Inda ta faɗi, nan zai soka bututu, wani dogon ƙarfe mai tagogi da ke ɗebo masara tun daga sama har ƙasan lodi. Ya shinshina, ya tauna, ya sake wurga malafa. Sau uku ne ƙa'ida, amma in ransa bai kwanta ba yakan kai shida.

Ranar farko Nicanor ya tambayi dalilin wurga malafar.

Don Melquíades ya ce, "In kai ka zaɓi wuri, cikin sati biyu sun haddace halinka. Ni kaina na fi son gefen hagu saboda wannan gwiwar. Malafa kuwa ba ta da gwiwa, ba ta kuma da aboki."

Haka Nicanor ya gāji ƙofar, ya riƙe ta shekara talatin da huɗu. A ciki ya auri Doña Herlinda, suka haifi 'ya'ya mata uku, ya canza malafa ta kai goma. Ba mai yawan magana ba ne, ba ya kuma faɗa da direbobi. In masara ba ta yi ba, sai ya zuba wa direba ita a tafin hannu ya ce, "Kai wa uwarka ta dafa. In ta karɓa, dawo, ni ma zan karɓa." Kowace takardar shiga da sunansa take fita, N. Zazueta, da rubutunsa mai karkata. Da rana in ya buɗe ƙunshin tortiya, wainar masarar da Doña Herlinda ta gasa da garin kamfanin, yakan ɗaga ɗaya ya nuna wa abokan aiki, ya ce wannan ta ƙarƙashin ƙafarsa ta bi.

Kamfanin ya yi ta girma. Rumbu biyu suka zama goma sha huɗu, manyan kamfanin suka koma birnin Monterrey, har ya zama ba wanda ya san fuskarsu. Wata shekara, kafin girbi, suka aiko da tawagar inganta aiki. Shugabansu wani matashi ne mai ladabi, Injiniya Osvaldo Treviño. An ce yana da baƙar ɗamara a harkar inganci. 'Yan dako suka yi ta leƙen ƙugunsa, suna tambayar juna wa ya taɓa kayarwa.

A yi musu adalci, ba duk abin da suka kawo ne shirme ba. Da tireloli sukan kwana biyu a layi cikin rana. Suka tsara wa kowa lokacin zuwansa. Suka gyara bayan gida. Suka kawo wata 'yar na'ura mai auna danshi, Don Nicanor ya gwada ta da haƙorinsa sati guda, ya ga bakinsu ɗaya, ya ce yarinyar tana da gaskiya. Suka ja layin fenti a ƙasa, suka kafa babban allo a bakin ƙofa, mai nuna kore in aiki na tafiya daidai, ja in akwai matsala.

Sai Injiniya ya zo da agogo ya tsaya ƙasan tirela kwana uku yana kallonsa.

"Don Nicanor, waccan ka soka sau uku, wannan sau biyar. Me ya sa?"

"Waccan ba ta yi mini ƙarya ba, Injiniya."

"To, a ina zan rubuta wannan?"

"Ni ma ban taɓa rubuta shi ba."

"Ka gani? In gobe ka kwanta ciwo, wa zai yi abin da kake yi?"

"Duk mai malafa."

Injiniya ya yi dariya har da dafa masa kafaɗa. Sannan ya yi masa bayani a hankali, kamar mai koyar da yaro, cewa babban abokin gāban inganci shi ne a yi abu yau haka gobe haka. Dole a duba kowace tirela iri ɗaya, a wuri ɗaya, cikin minti tara.

Ba a yi sati biyu ba aka manna wani babban zane a jikin ƙofa. Tirela ce an zana ta daga sama, da jajayen ɗigo biyar: huɗu a kusurwoyi, taku ɗaya daga gefe, ɗaya a tsakiya. Nan za a riƙa soka bututu, ba gaba ba baya. Aka kuma tara dillalan masara a ɗakin taro, aka ba su kofi da biskit, aka raba wa kowa zanen a leda, wai su abokan tafiya ne, ya kamata su san abin da ake bukata gare su.

A wannan taron ne Don Nicanor ya ɗaga hannu, abin da bai taɓa yi ba.

"Injiniya, ni ban yi karatu ba. Amma ko a aji uku, malaminmu bai taɓa manna amsar jarrabawa a ƙofa ba."

Dillalai suka bushe da dariya, su ne ma suka fi kowa. Injiniya ya ce magana ce mai kyau, ya ce masa ya rubuta ta a kati ya jefa a akwatin shawarwari. Don Nicanor ya ɓata rabin yini yana rubuta layi biyu, ya jefa. Washegari aka ba shi hular kwano da takalmin ƙarfe, aka ce doka ce kada a ƙara hawa lodi babu su. Da ya shiga ɗakinsa ya tarar da malafarsa a kan ƙusa, an rataya mata jan kati, irin wanda suke rataya wa duk abin da ba shi da amfani a wurin aiki. Ya cire katin, ya tafi da ita gida.

Allo ya yi kore shar. Da cikin tirela goma sha biyu akan mayar da ɗaya. A wannan girbin sai a yi ɗari biyu ba a mayar da ko ɗaya ba. Aka yanka kek, aka raba riguna masu rubutu a baya. Injiniya ya ce dillalai sun inganta. Don Nicanor yana tsaye da kek a hannu ya kasa ci. Shi dai ya san ba a canza ƙasa ba, ba a canza rana ba, ba a kuma canza dillalai ba. Mutanen da ya sha mayar wa lodi shekara talatin su ne dai. Wani lokaci in tirela na juye lodi a rami, wani tsami yakan bugi hancinsa ya wuce. Amma bututu a ɗigo biyar kullum fari tas yake fitowa, na'ura ta ce lafiya, shi kuma ya sa hannu. Takarda sittin, saba'in a yini.

Girbi na biyu ya shigo da zafinsa na watan Mayu. Wata Lahadi bayan coci yana zaune wurin mai jatan lande tare da Fulgencio, wanda ake ce wa Chencho, direban wani babban dillali. Don Nicanor ne ya riƙe 'yar Chencho ranar baftismarta, don haka compadre suke kiran juna. Chencho ya sha kwalba biyu, bakinsa ya saki.

"Compadre, tsufa ya zo maka da sauƙin hali. Da kamar kare kake a ƙofar nan, yanzu ko haushi babu."

"Masararku ce ta gyaru, in ji allo."

Chencho ya kusa ƙwarewa don dariya. "Gyaru? Kai, Zakara, da gaske ba ka sani ba? Ganguna biyar ne."

"Waɗanne ganguna?"

"Gangunan ƙarfe, an fasa gindinsu. A jera su cikin tirela daidai ɗigon nan naku, har igiyar awo maigidana ya yi. A cika su da busasshiya mai kyau. Sauran wurin a zuba duk abin da ya samu, ɗanya, ta bara, wadda ruwa ya taɓa, sharar ƙasa. Sai a zare gangunan, a shimfiɗa mai kyau a sama kamar taku ɗaya. Kowa haka yake yi, compadre. Akwai mai walda a Bamoa da ya bar gyaran garma, ganguna kawai yake fasawa."

Don Nicanor ya dubi kwanon da ke gabansa, ya ture shi.

"Kai kuma ka ɗauko ka kawo mini, in sa sunana."

"Ni tuƙi nake yi. Ku kuka ba mu zanen, har da leda."

Da ya koma gida Doña Herlinda na gashin tortiya. Ta ce, "Tsoho, me kuke zuba wa garin nan ne? In na kwaɓa da safe, kafin la'asar ya yi tsami. Dubi wannan baƙin ɗigo-ɗigon." Ya karɓi tortiyar ya ɗaga ta a haske, ya shinshina. Ya gaya mata zancen ganguna. Ta sauke kasko ta zauna.

"Saura maka shekara ɗaya da wata biyu ka ajiye aiki. Mutanen nan ba su san ka ba, Nica. In ka taɓa allonsu, kai za su cire, ba allon ba."

"Na sani."

"To?"

"Jikokinmu suna cin wannan. Da sunana."

Ranar ba ta ƙarasa gashin ba.

Ranar Litinin ya sami Injiniya a ofis, ya cire hular kwano ya faɗa masa komai, bai dai ambaci sunan Chencho ba. Injiniya ya saurara da kyau, ya juya masa allon kwamfuta ya nuna masa layin adadin lodin da ake mayarwa yana sauka.

"Don Nicanor, ina girmama hancinka. Amma ba zan je Monterrey da hanci da hirar mashaya ba. Kawo mini lambobi."

"To bari in soka a wani wuri, in kawo maka."

"A'a, in ka fita daga ɗigo biyar ka lalata tsarin. Lambobin ba za su yi daidai da na bara ba."

Don Nicanor ya tsaya yana juya hular a hannunsa. Lambobi ake so, an kuma hana shi inda lambobin suke. Ya ce na gode, ya fita. Sati uku ya ƙara yana sa hannu, kowace takarda kamar ya taɓa mushe.

A tsakiyar Yuni manya suka zo daga Monterrey don ba ƙofar lambar yabo. Mutum bakwai, da fararen hulunan kwano sababbi fil. Aka share fili, aka shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ga kek, ga mai ɗaukar hoto. Aka ce za a nuna musu yadda ake duba tirela. Wadda layi ya kawo ta Chencho ce.

Don Nicanor ya hau, ya soka ɗigo biyar, ya sauko. Minti takwas. Na'ura ta nuna kore. Aka tafa. Injiniya ya miƙa masa takarda da biro, mai hoto ya durƙusa yana cewa ya ɗan ɗago kai ya yi murmushi.

Ya dubi gurbin da sunansa zai shiga. Ya daɗe yana dubansa. Sai ya ajiye biron, ya zauna a ƙasa ya kwance takalmin ƙarfe, ya cire safa. Ya buɗe jakar abincinsa ya zaro malafar, duk ta lanƙwashe. Ya sake hawa. Yana taka lodin, tafin ƙafarsa ya ji abin da takalmi ya ɓoye masa shekara guda: zafi ne ke tasowa kamar an binne garwashi.

Chencho ya leƙo ta taga ya ce ƙasa-ƙasa, "Compadre, don girman Allah. Compadre!"

Don Nicanor ya juya baya ya wurga. Malafa ta faɗi kusa da tsakiya, wajen dama. Ya soka bututu, da ƙyar ya shiga, kamar ana soka laka. Ya zaro, ya sauko da shi a kafaɗa, ya juye a kan farin ƙyallen, gefen kek.

Abin da ya zubo ba a ce masa masara ba. Dunƙule-dunƙule ne baƙi da kore, funfuna ta ɗinke su, wasu sun tsira, ga ƙwari na gudu, ga kashin ɓera, har wani ruwa-ruwa na bin ƙyallen. Ɗoyin ya tashi cikin zafin rana. Wata daga cikin baƙin ta toshe baki ta juya. Mai hoto ya sauke kyamararsa.

Babban cikinsu, wani mai furfura da tabarau, ya ja da baya taku biyu ya ce, "Injiniya, wannan daga wane ɗigo ne?"

"Ba daga ɗigo ba ne, ranka ya daɗe."

"To ba samfuri ba ne ke nan."

"Ba samfuri ba ne."

Don Nicanor ya ce, "Samfuri ko ba samfuri ba, ranka ya daɗe, gobe tortiya ce."

Aka naɗe ƙyallen da kek ɗin gaba ɗaya, aka shiga da baƙi ɗaki mai sanyi, can aka ba da lambar yabon. Tirelar an mayar da ita a ranar, shiru. Bayan kwana biyu lodin ya dawo a wata tirela, da wani direba, ya ci ɗigo biyar ya wuce. Lokacin Don Nicanor ba ya ƙofar. An ba shi takardar gargaɗi mai laifi uku: ya cire takalmi, ya cire hular kwano, ya fita daga tsari. Ba a ambaci masara ba ko sau ɗaya. Ba su kore shi ba, sai suka ba shi bokiti da burushi, aka ce shi zai riƙa sabunta layin fenti a fili. Chencho kuwa maigidansa ya ajiye shi wata guda, ya daina gaishe da compadrensa a coci.

A watan Agusta rumbu na huɗu ya fara gumi. 'Yan dako suka ce in ka dafa ƙarfensa da safe sai ka cire hannu. Da aka buɗe shi, kwana tara garin Guasave na wari, mata na shanya a cikin ɗaki, ungulai sun cika saman rumbunan. Aka yi ta kwasa da katafila ana binnewa a bayan fili. Injiniya Treviño bai ga wannan ba, an riga an ƙara masa girma, yana kai ɗigo biyar ɗinsa wani reshe.

Don Nicanor bai ce wa kowa ai na faɗa ba. Ya tsaya da burushinsa yana kallon katafila, yana lissafa cewa tun farkon Mayu ake cika wannan rumbun, kuma makonni shida na farko sunansa ne a kan takardun. Wannan ya fi warin damunsa.

Aka aiko wata sabuwar tawaga ta binciko tushen matsalar. Suka yi sati uku suna zana wani abu kamar ƙashin kifi a allo, suka gano cewa dillalai sun san inda ake sokawa. Aka cire zanen ƙofa. Aka kawo wata na'ura mai allo. Tirela na tsayawa sai ta nuna ɗigo uku a inda ta ga dama, ko mai dubawa bai san inda za su faɗa ba. Aka ba tsarin suna, aka sake raba riguna. Akwatin shawarwari kuwa da aka zo buɗe shi, an rasa makullin.

Ba wanda ya ce Don Nicanor ya koma ƙofa, shi ma bai nema ba. Wata rana yana jan layi kusa da sikeli, sabuwar injiniyar, wata yarinya mai fara'a da ba ta san ko shi wane ne ba, ta kira shi.

"Baba, zo ka ga abin mamaki. Kullum wuri daban take zaɓa. Ba mai iya yi mata wayo."

Ya matso ya leƙa, ya ga ɗigo na tsalle a allo.

"Ba ta da aboki ke nan."

"Ko ɗaya!"

"Madalla, 'yata. Tana tare rana?"

Yarinyar ta dube shi ba ta gane ba. Ya ce ba komai, ya ɗauki bokitinsa ya koma inda ya tsaya.

Ya cika watanninsa ya ajiye aiki. Tun daga wancan Yunin garin kamfani bai ƙara shiga gidansa ba. Doña Herlinda wurin ƙaninta, manomi a ƙauyensu, take sayen buhu, ta dafa masarar da farar ƙasa ta kai niƙa, yadda uwarta ke yi, tana mita cewa ya mayar da ita baya shekara arba'in. Chencho ne ke kawo buhun a bayan motarsa. Sun shirya a bikin 'yarsa, ba wanda ya tayar da zancen. Yakan zazzage shi a tamfol a tsakar gida ya koma gefe ya naɗe hannu.

"To, Zakara, wurga mu gani. Buhu ɗaya ne tak, kuma na ƙanin matarka."

Don Nicanor sai ya cire takalmi, ya juya baya.